Shirun da Ya Wuce na Hanya

Zoben Haskau, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ya soma juyawa a hankali, sannan ya ɗauki gudu har ƙararsa ta koma siririn amo irin na sauro a bakin kunne. A cikin bututun na'urar wani saurayi yana kwance, maɗaurai sun riƙe shi a goshi da ƙirji da gwiwoyi. A allon da ke gaban Ramlatu jikinsa ya riƙa fitowa yanka-yanka daga ƙoƙon kai zuwa ƙasa: farin ƙashi, tsoka mai launin toka, baƙin iskar da ke cikin huhu.

"Kana yi daidai," in ji ta. "Yanzu zoben zai wuce ta kan ƙirjinka, za ka ji ɗumi kaɗan. Ina nan, ban tafi ba."

Ta tsaya ta jira. Sai maganarta ta bar saman hasumiyar Cibiyar Hoton Jiki da ke Kaduna, ta bi ta tauraron ɗan'adam, ta sauka a ɗakin asibitin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasar duniyar wata, kafin amsar mai kwance ta kamo hanyar dawowa. Zuwa da komowa kusan sakan uku. Ma'aikatan cibiyar suna kiran wannan ɗan tsakani shirun hanya.

Amsar ta iso, saurayin yana cewa to, ya ji. Muryarsa ta daina rawar da take yi da farko. Bai daɗe da zuwa sansanin ba, ƙasusuwansa cike suke, farare tas. Ramlatu ta ƙarasa hoton, ta umarci na'urar ta sassauta maɗauran, ta yi masa fatan alheri.

A wancan zamanin Kaduna ta zama birnin da ba ya rayuwa sai da sanyin inji. Zafin bazara ya kai matakin da aka rufe manyan tituna da rufin gilashi, jiragen ƙasa suna gudu a kan ginshiƙai bisa kogi, kowane gida da bututun sanyinsa. Wutar da ke ɗauke da duk wannan tana fitowa ne daga tashoshin da ke ƙona wata iska mai suna heliyam, ita kuma a cikin ƙurar duniyar wata ake tace ta. Kamfanin Tsani ne ke haƙar. Ɗaruruwan ma'aikatansa 'yan ƙasar nan ne, masu walda da direbobin injin haƙa da masu gyaran bututu, suna zaune a ramuka a can sama don mutanen ƙasa su yi barci cikin sanyi.

Matsalar duniyar wata ita ce rashin nauyi. Kayan da ke da nauyin mudu shida a nan, a can nauyin mudu ɗaya ne. Ƙashin ɗan'adam kuwa kamar ma'aikaci ne, in bai ga kayan da zai ɗauka ba sai ya fara sallamar kansa. Shi ya sa a da ba a barin kowa ya wuce shekara guda a sama. Daga baya injiniyoyin kamfanin suka fito da rigar nauyi, wadda ke matse jiki daga kafaɗa zuwa tafin ƙafa, tare da wata allura da ake yi duk wata. Suka ce da waɗannan mutum zai yi shekara bakwai ya dawo da ƙafafunsa. Abin da ya rage shi ne a riƙa ɗaukar hoton cikin jikinsa sau biyu a shekara don tabbatarwa.

Da farko Haskau ita kaɗai take aikinta. An sa mata murya mai daɗi da ke jin harsuna da yawa. Amma a wurin da nauyi ya yi ƙaranci, ko bugun zuciyar mai tsoro yana motsa jiki ya ɓata hoto, kuma mutumin da ya yini a cikin rami, in aka ɗaure shi a bututu shi kaɗai, hankalinsa tashi yake. Wani ya taɓa tsinke maɗauri ya fito da jini a goshi. Wasu kuma in na'urar ta tambaye su inda ke musu ciwo sai su ce lafiya lau, don suna zargin tana kai rahoto a kore su. Dole aka dawo da mutane kan kujerar ɗaukar hoto.

Sai dai ba kowane mai ɗaukar hoto ne ya iya aikin ba. Ramlatu ta yi shekaru tana ɗaukar hoton ƙirji da karaya a wani asibitin unguwa, ta san kusurwar kowane ƙashi, amma da ta zo cibiyar sai da ta koma ɗaliba a hannun Malama Turai. Malama Turai dattijuwa ce gajera, mai tafiya da sanda, wadda ta yi aikin hoto tun zamanin da ake taɓa majiyyaci da hannu a gyara masa kwanciya. Darasinta na farko shi ne ta sa a ɗaure kowane ɗalibi a cikin wani tsohon bututu, a kashe fitila, a bar shi yana tambaya amsa tana zuwa masa a makare. Wanda ya fito daga nan ba ya sake ganin laifin majiyyacin da ya motsa.

Ta koya musu su faɗi abu kafin ya faru, don kafin muryarsu ta isa zoben ya riga ya wuce. Ta koya musu sauraron numfashi, domin mutum yana iya cewa ba ya jin tsoro alhali numfashinsa yana ƙaryata shi. Ta hana su cewa kada ka ji tsoro, ta ce wannan umarni ne, kuma ba a umartar zuciya. Ta hana su cewa babu komai, ta ce ba ku sani ba. Tana sa su saurari muryoyinsu da aka naɗa har sai sun ji kunyar gaggawar da ke ciki. Darasin da ta fi daɗewa a kai shi ne na tambayar da kowane majiyyaci ke yi a ƙarshe: me kika gani? Fassara hoto aikin likita ne, ba na mai ɗauka ba, wannan doka ce tsohuwa kuma tana da dalili. Amma Malama Turai takan ce jimlar nan ta "likita zai yi maka bayani" ana iya faɗarta kamar an rufe wa mutum ƙofa a fuska, ana kuma iya faɗarta kamar an kama hannunsa an raka shi bakin ƙofar.

Ranar da Ramlatu ta zo neman gurbi, Malama Turai ta tambaye ta me ya sa take son barin asibitin da take taɓa marasa lafiya ta zo tana magana da allo. Ramlatu ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce mijinta yana sama. Iyalan ma'aikata saƙon da aka naɗa kawai suke aikawa su karɓa, layin kai tsaye na masu sarrafa injuna ne da na asibiti. Ita kuma tana son ta yi masa magana ya amsa mata, ko da sau biyu ne a shekara. Malama Turai ta daɗe tana kallonta. Ta ce a ƙa'ida ba a son ma'aikaci ya ɗauki hoton nasa, amma masu jin Hausa a cibiyar ba su da yawa, kuma ta fi yarda da wanda ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi. Sharaɗinta ɗaya: a cikin ɗakin nan majiyyaci ne shi, ranar da ta kasa riƙe haka ta tashi ta ba wani kujerar.

Mijin nata, Lawwali, mai walda ne mutumin Talatar Mafara, yana cikin rukunin farko na masu zaman shekara bakwai. Ya tafi ne tana da cikin 'yarsu Iklima. Yarinyar ta girma tana ganin ubanta a allo, yana yi mata wasan sakin cokali ya sauko a hankali kamar gashin kaza. Shi kuma bai taɓa kiran sunanta ba, kunyar 'yar fari irin ta mutanen garinsu ta bi shi har sama, sai dai ya ce 'yar nan. Yanzu wa'adinsa ya zo ƙarshe. Kumbon da zai dawo da su yana hanya, Ramlatu ta sa an sake fentin ɗaki, Iklima ta ware wa babanta kofi nasa na kansa ta hana kowa taɓawa.

Sunansa ne ya biyo bayan na saurayin a allo. Ramlatu ta sha ruwa, ta gyara abin sauraron da ke kunnenta, ta buɗe layi. Ƙa'idar aiki ta ce majiyyaci ne zai faɗi sunansa da bakinsa, abin da kullum take godiya a kai, don bai taɓa wajaba ta kira sunan mijinta a gaban na'urar naɗar murya ba.

"Barka da hutawa. Faɗa mini sunanka da aikinka."

Shirun hanya ya wuce, sannan muryar da ta sani ta cika mata kunne.

"Lawwali Sambo, mai walda. Mijin wata ma'aikaciya da ba ta son wasa a bakin aiki."

Ta danne dariyarta ta ce masa ya kwanta. Yayin da maɗauran ke kama shi ya riƙa ba ta labari, kamar yadda ya saba, don ya san mintocin ƙididdigaggu ne. Ya ce ya samo wa 'yar nan wani ɗan dutse mai ƙyalli. Ya ce ranar da ya sauka ba ya son a tara masa jama'a, a dama masa fura kawai a bar shi ya zauna a ƙofar gida in hadari ya taso. Ya ce abin da ya fi kewa ma ba abinci ba ne, sujada ce. A sama in ka kai goshi ƙasa sai ka ji kamar ƙasar ba ta karɓe ka ba, yana son ya yi sujadar da zai ji kansa ya zauna daram. Ya ƙara da cewa gobe za a fara musu atisayen komawa gida, inda injin motsa jiki zai riƙa ɗora musu nauyi irin na duniya.

Ta ce masa yanzu ya yi shiru, zobe zai tashi.

A wannan shekarar an sake wa Haskau ido. Tsohon idon yana auna kaurin ƙashi ne ya ba da lamba, kuma lambar Lawwali ba ta taɓa yin ƙasa ba. Sabon yana shiga ciki ya nuna saƙar ƙashin kanta, waɗannan 'yan ginshiƙai masu kama da saƙar zuma da ke riƙe nauyin mutum. Lawwali ne na farko a cikin tsofaffin zuwa da aka kwantar a ƙarƙashinsa.

Ƙoƙon kai ya wuce lafiya. Kafaɗu ma haka. Da zoben ya gangaro tsakiyar baya sai hannun Ramlatu ya tsaya a kan madannai. Ɓawon ƙashin fari ne fes, har ya fi na saurayin ɗazu kauri, allurar ta yi ta jibga masa sinadari a waje. Amma ciki wayam. Kamar azarar da gara ta cinye, wadda za ka gani a tsaye da kyanta, ka taɓa ta da yatsa ta burme. Biyu daga gaɓoɓin ƙashin baya har sun yi siraran tsagu. Zoben ya ci gaba zuwa ƙugu, ya nuna wuyan ƙashin cinya, nan ma haka. Ta ga dubban hotuna a rayuwarta, ba ta buƙatar likita ya gaya mata abin da zai faru in wannan jikin ya tsaya a kan ƙasar Kaduna.

Ya kamata a ce ta gaya masa zoben ya kai gwiwa. Ba ta ce komai ba. Tana kallon allon, tana ganin ɗan karkacewar da ke ƙashin ƙafarsa ta hagu, inda ya taɓa karyewa yana yaro da ya faɗo daga kan tsamiya, labarin da ya ba ta tun suna zance.

"Ramla," in ji shi a hankali, ba tare da ya motsa ba. "Shirun nan ya wuce na hanya."

Ta ja numfashi ta hanci yadda aka koya mata, ta sauke kafaɗunta don kada murya ta shaƙe. Ta ce masa saura ƙafafu, ya ƙara haƙuri kaɗan, yana yi daidai. Zoben ya ƙarasa ya tsaya. Maɗauran suka saki. A ƙaramin allon gefe ta ga ya tashi zaune a bakin gadon, hannayensa a kan gwiwoyi, yana kallon inda kyamara take.

"Me kika gani?"

Amsoshi biyu suka zo mata tare. Ɗaya ta matar da ke son ta ce babu komai, ta saya masa ko da kwana ɗaya na farin ciki. Ɗaya ta ma'aikaciyar da za ta iya fakewa da doka ta kashe layi ta je ta yi kukanta. Ta bar su duka suka wuce.

"Malam, na ga abin da ya kamata likita ta gani yau, ba gobe ba. Ba ni ce zan fassara shi ba. Amma ba zan kashe layin nan ba har sai ta zo, kuma ina nan a kai tare da kai."

Ta danna kiran gaggawa. Dakta Ochanya, likitar ƙashi da ke aiki a ranar, ta shigo, Malama Turai na biye da ita tana dogara sanda. Ramlatu ta rufe makirfo ta nuna musu allon. Likitar ta daɗe tana juya hoton, tana ƙara girmansa, sannan ta zare tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce abu irin wannan ya shafi rukuni gaba ɗaya, tsarin aiki ya ce sai kwamiti ya zauna ya duba kafin a gaya wa kowa, zai ɗauki 'yan kwanaki.

Ramlatu ta ce mutumin yana zaune a can shi kaɗai, kuma ya riga ya san akwai wani abu. Ta ce gobe injin atisaye zai ɗora wa wannan bayan nauyin duniya. In an hana shi atisayen ba tare da dalili ba, zai kwana yana zana wa kansa abin da ya fi gaskiyar muni, in kuma an bar shi ya yi, ba sai kwamiti ya zauna ba. Dakta Ochanya ta sake kallon tsagun nan biyu. Ta ce za ta dakatar da atisayen duka rukunin da sa hannunta, kuma za ta yi masa bayani yanzu, kwamiti ya same ta daga baya. Sai dai ita ba ta jin Hausa sosai, za a kunna tafintan na'ura.

Malama Turai ta ce a'a, irin wannan labari ba a ba inji ya kai. Ta dafa kafaɗar Ramlatu ta ce ta tashi, ita za ta zauna. Ramlatu ta ce a tambaye shi. Ta buɗe makirfo ta gaya masa likita ta zo, za ta yi magana da Turanci, akwai Malama Turai da za ta iya mayar masa da Hausa, akwai kuma ita. Wa yake so?

Wannan karon shirun daga can ne ya yi tsawo.

"In za ki iya, gara in ji a bakinki."

Haka aka yi. Likitar tana faɗin jimla, Ramlatu tana juya ta, sannan su tsaya su ba hanya haƙƙinta, su ba shi ma nasa. Ba ta yi amfani da manyan kalmomi ba. Ta ce masa allurar ta gina bango ta bar ɗaki babu ginshiƙi. Ta ce a inda yake jikinsa zai iya ɗaukar kansa, zai yi tafiya, zai yi aiki mara nauyi. Amma girgizar saukar kumbo kaɗai ta isa ta karya masa baya, in ma ya tsira daga ita, tsayuwa a ƙasa za ta ƙarasa. Tana maganar tana sauraron numfashinsa. Da ta ji ya yi sama sai ta ɗaga wa likitar hannu, suka jira har ya sauko.

Ya yi salati a hankali. Sannan ya tambaya ko ƙashin yana komawa yadda yake. Dakta Ochanya ta ce ba a taɓa ganin irin wannan ba, ba wanda ya sani. Kalmomi masu daɗi suka taru a bakin Ramlatu, ta san yadda za ta lulluɓe amsar har ta yi kama da alkawari. Ta ce masa, "Ba a sani ba." Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ba shi abu mai nauyi amma aka ba shi a hannu biyu.

Tambayarsa ta gaba ba a kan kansa ba ce. Ya ce su talatin da biyu ne suka zo tare, akwai wanda aka sa ranar aurensa. Ta ce duk za a ɗauki hotonsu, kuma kowa za a yi masa magana kamar yadda aka yi masa. Daga nan ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

"Kofin da kika ce 'yar nan ta ajiye," in ji shi. "Ki ce mata ta riƙa sha da shi. Kada ya zauna haka nan."

Lokacin layin ya ƙare. Ramlatu ta yi masa sallama da cikakkiyar murya, ta jira amsarsa ta iso, sannan ta kashe. Ta cire abin kunnen ta ajiye a hankali. Sai da ta fita baranda sannan ta zauna a ƙasa. Malama Turai ta jingine sandarta ta zauna kusa da ita, duk da ciwon gwiwarta. Ta riƙe mata hannu har aka kira la'asar.

A makonnin da suka biyo baya aka ɗauki hoton sauran. Babu wanda ƙashinsa ya tsira, sai dai na wani ya fi na wani lalacewa. Ramlatu ta roƙi a bar ta a kan kujerarta, ta raka da yawa daga cikinsu bakin wannan ƙofar. Wani ya zage ta, ta bar shi ya gama. Wani ya yi ta dariya har ta koma kuka. Wani dattijo direban injin haƙa ya tambaye ta ko a can akwai inda ake binne mutum ya fuskanci alƙibla, ta ce ba ta sani ba amma za ta tambayo masa, kuma ta tambayo. Malama Turai ta buɗe sabon darasi a cibiyar, na magana da wanda ba zai dawo ba, ta ce Ramlatu ce za ta koyar. Ranar farko ta tsaya a gaban ɗalibai ta rasa ta inda za ta fara, sai ta sa aka kashe fitila suka zauna shiru tare.

Kamfanin ya fitar da sanarwa. Ya ce za a gina wani asibiti mai juyawa a sararin samaniya inda za a riƙa ƙara wa mutanen nauyi kaɗan-kaɗan, ko ƙashin zai tuna aikinsa. Ginin zai ɗauki shekaru, sakamakon kuma ba a yi alkawarinsa ba. Kumbon da ya je ɗauko su ya dawo da tankunan heliyam. An yi zanga-zanga a ƙarƙashin rufin gilashi, cikin sanyin da ƙurar can ta samar. Ba wanda ya ce a kashe injunan, domin kowa ya san abin da bazara za ta yi wa tsofaffi da jarirai in aka kashe. Aka ce an gyara allurar. Samari suka sake yin layi a ƙofar cibiyar don hoton tafiya, ƙasusuwansu cike, farare.

Yanzu duk wata ake ɗaukar hoton Lawwali, don haka suna magana fiye da yadda suka taɓa yi tun tafiyarsa. Ramlatu takan rasa ko ta gode wa wannan ko ta yi kuka da shi. An mayar da shi koyar da sababbin zuwa walda. Ranar da sabon rukuni ya tashi daga duniya, bayan an gama hotonsa, sauran 'yan mintoci suka rage a layin. Ya tambayi labarin makarantar yarinyar, ta gaya masa. Ya tambaya ko an yi ruwa, ta ce an yi jiya, har kogi ya taɓa ƙafar gada. 

"Akwai abin da nake so ki yi mini. In kin koma gida ki ɗauki 'yar nan. Ki ɗaga ta sosai, ki riƙe. Wata mai zuwa ki gaya mini yadda nauyinta yake. Ba lambar sikeli ba, wannan ina da ita. Yadda ake ji a hannu."

Ta ce to.

Da yamma ta sauka daga jirgi ta biya gidan mahaifiyarta inda Iklima ke jira bayan makaranta. Yarinyar ta fito da jakarta a baya, dogayen ƙafafu, haƙoran gaba biyu sun faɗi. Ramlatu ta sunkuya ta sa hannu a ƙarƙashin hammatarta ta ɗaga. Iklima ta yi dariya ta ce ita fa ta girma, mutane suna kallo. Ramlatu ba ta sauke ta ba. Ta ji gwiwoyin yarinyar suna bugun cinyarta, ta ji haɓarta ta sauka a kafaɗarta, ta ji yadda jikin ya daina turjewa ya saki kansa gaba ɗaya, nauyin ya bi ta hannayenta ya gangara bayanta har tafin ƙafa, ƙasa ta karɓa.

Ta tsaya haka a bakin titi, hannayenta sun fara sagewa, tana neman kalmomin da za su iya ɗaukar wannan su kai shi sama. Tana da wata guda ta samo su.